Ƙarin ruwa aikin masu sani ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ke damuna. Da mutum ya ji kasala, sai ya ce a yi masa ƙarin ruwa. Wasu suna ɗaukar sa maganin ƙarfi. Wannan kuskure ne.

Wata rana, cikin zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci, na tarar da wani manomi kwance a ɗakinsa. An rataya robar ruwa ga ƙusa. Wani mai tallar magani ne ya sa masa allurar. Bayan kwana uku hannun ya kumbura, sai da aka kai shi asibitin Filinge.

Ruwan nan kai tsaye yake shiga jijiya, ya gauraya da jini. Idan allura ba ta da tsabta, cuta ta samu ƙofa. Idan ruwan ya yi yawa ko ya yi sauri, yana iya cika huhu, musamman ga yaro da tsoho. Shi ya sa malamin asibiti yake duba nauyin mara lafiya, yana kuma ƙidaya ɗigon ruwa a kowane minti.

Ƙarin ruwa yana ceton rai a inda ya dace. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar. Mai irin wannan ciwo, idan ya kasa sha, ƙarin ruwa ne zai tashe shi. Amma yaron da ke gudawa yana iya sha, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan idonsa ya faɗa, ko ya ƙi nono, a garzaya asibiti.

Ga shawarata. Akwai makarantun koyon aikin lafiya na gwamnati a Yamai da Damagaram. Mu mutanen Bonkuku mun iya noman dankalin turawa. Mu ware wani abu daga kuɗinsa domin karatun yaranmu, musamman mata. Kada mu cire yarinya daga makaranta saboda aure. Ranar da matarka ta zubar da jini wajen haihuwa, za ka so a ce akwai ɗiyar garinmu da ta iya neman jijiya.

Mai ruwa a hannu bai isa ba, sai mai ilmi a kai. Allah ya ba mu lafiya.