Ɗakin da Aka Daina Waƙa

A cikin lungunan Ƙofar Gayan akwai yaran da ba a ganinsu a ƙofar gida. Wani shawara ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa a makon haihuwarsa, wani sanƙarau, wani kuma doguwar naƙuda ce ta hana shi numfashi. Ba sa zama, ba sa magana. Ranar da likita ya ce magani ya kai iyakarsa, sai a shimfiɗe yaro a ƙuryar ɗaki, a ba shi kunu, a canza masa tsumma, a ja ƙofa. Da wannan shirun nake faɗa, domin mu muka ɗora masa shi.

Duk sa'ad da na ambaci jinya da waƙa, amsar farko ita ce: sangartar Turawa. Lalle a Ingila ne Paul Nordoff, makaɗin piyano, da Clive Robbins, malamin yara masu naƙasa, suka fara aikinsu a 1959. Can ne kuma aka buɗe Helen House a 1982, gidan jinya na farko don yaran da ba a sa ran warkewarsu. To amma asibitin da Sarki Bayezid na Biyu ya gina a Edirne ta Turkiyya a 1488 fa, inda Musulmi suka riƙa kwantar wa majinyata hankali da kiɗa da ƙarar ruwa? Amsa ta biyu ta fi zafi: wai hanyar bori ce. Ba garaya na nema ba. Wace uwa ce a birnin Zazzau ba ta taɓa goya jariri tana jijjiga shi da waƙar raino ba? Wa ya ce mata ta yi tsafi? Abin takaici, muna yi wa lafiyayyen yaro waƙa har a yaye shi, muna hana wanda ya fi kowa bukata.

Waƙa ba ta gyara ƙwaƙwalwar da ta lalace, duk wanda ya karɓi kuɗi da wannan alkawari macuci ne. Aikinta ƙarami ne: numfashi ya daidaita, damtsen da ya sandare ya ɗan saki, kuka ya lafa. Ko yaron da shawara ta kashe wa kunne yana jin kaɗawar murya idan aka kwantar da shi a ƙirji. Amma akwai ƙa'ida. Ƙarar bazata tana ƙara sandarewa, don haka rediyo a bisa kansa azaba ce. Murya ake so, a hankali, ko da begen Annabi ne, ana duban fuskarsa, a tsaya in ya ƙi.

Wannan ne ya kamata a koyar. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sanya sauƙaƙa wa majinyaci wahala cikin tsarin lafiyarsu. Asibitin Gambo Sawaba yana nan unguwarmu, asibitin koyarwa yana Shika. Ina roƙon a ware wa kowace uwa minti goma tare da ma'aikaciyar jinya kafin a sallame ta da ɗanta.