An yi ɗinki a Katsina, wa zai wanke ciwon a Kusada?

Ranar da aka sallami matar da aka cire wa mama saboda sankara, dangi sukan ɗauka an tsallake siratsi. A yi hamdala, a naɗe tabarma, a kwashe kwanukan jinya, a nemi mota. Idan daga Kankiya ta fito, ko daga wani ƙauye na Kusada, tafiyar ba ta da nisa sosai: daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a bi ta Lambar Rimi da Charanci, kafin la'asar an isa gida. Abin da ta shiga motar da shi ɗinki ne da ya ratsa ƙirjinta har gindin hammata, wani lokaci da siririyar roba mai tsotso ruwa daga ƙarƙashin fata zuwa cikin 'yar kwalba, sai takardar sallama da aka rubuta da Turancin likitoci. Daga wannan rana, wanda zai kula da ciwon ba likitan da ya yanka ba ne. 'Yarta ce, ko ƙanwarta, ko surukarta, a ɗakin da ƙurar hunturu ke shiga ta taga, ko zafin bazara ke sa gumi ya jiƙa bandeji tun kafin azahar.

A nan ne tsarin lafiyar jihar Katsina yake da giɓin da ba a cika maganarsa ba, domin ba ya cikin abubuwan da ake yanka zare a buɗe. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da cibiyar kula da masu sankara a wannan asibiti na Katsina, abin da ya rage wa marasa lafiya dogayen tafiye-tafiye zuwa Shika da Sakkwato da Abuja. Ci gaba ne na gaske. Sai dai na'ura ba ta wankin ciwo, kuma ba a ɗora majinyaciya a kan gashin na'ura ko allurar kimo alhali ɗinkinta yana zubar da mugunya. Likitoci sukan so a fara magani na gaba cikin 'yan makonni bayan tiyata, kuma jinkirin da ya kai wata uku yana rage amfaninsa. Ciwon da ya lalace a ƙauye yana iya cinye waɗannan makonni gaba ɗaya.

Alƙaluma sun nuna inda haɗarin yake. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2018, wanda ya bibiyi majinyata fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala bayan tiyata, mafi yawa shigar ƙwayoyin cuta. Cikin mutum 239 da suka rasu, 225 ba a ranar aikin suka rasu ba, bayanta ne. Wannan a cikin asibiti ke nan, inda ake da ma'aikatan jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagoran da ta fitar a 2016, ta ce kashi 11 cikin 100 na waɗanda ake yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ciwonsu yakan harbu.

Kula da ɗinkin mama ba sihiri ba ne, kuma wannan shi ne abin takaicin. Hannu a wanke da sabulu kafin a taɓa da bayan an taɓa. Bandeji ya zauna a bushe. Idan ya jiƙe ko ya yi datti a canza. Idan za a goge, ruwan gishirin asibiti ya isa. Ruwan da ya taru a kwalba a zubar, a rubuta yawansa kowace rana, domin da wannan lissafi ne likita ke yanke shawarar cire robar, galibi idan ya sauka zuwa kimanin mililita 30 a kwana ɗaya. Hannun ɓangaren da aka yi wa aiki a riƙa motsa shi a hankali yadda aka koyar, don kada kafaɗa ta sandare. Mai ciwon suga ta riƙe maganinta da kyau, domin hawan suga yana hana nama haɗewa.

Abin da ya fi wuya shi ne abubuwan da ba a yi, domin kowanne daga cikinsu da kyakkyawar niyya ake zuwa da shi. Gidan da ya saba da wankan jego ya yi imani da ruwan zafi, saboda haka wata gwoggo za ta tafasa ruwa ta ce a gasa wurin. Ba ta san cewa fatar da ke kewaye da ɗinkin ta rasa ji ba, tunda an yanke ƙananan jijiyoyinta. Majinyaciya tana iya ƙonewa har ta saluɓe ba ta ce wayyo ba. Wani zai fasa kafso ya barbaɗa garin a kan ciwo. Wata za ta kawo man shanu, wata zumar kasuwa, wani garin sassaƙe daga mai maganin daji. Mai kemis kuwa, wanda shi ne likitan da ya fi kusa da kowa, zai haɗa allurai na kwana biyar “don kada ya yi ruwa”, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan ci gaba da ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan tiyata da sunan rigakafi. Addu'a ba ta ɓata ɗinki. Tofi a kan buɗaɗɗen ciwo yana ɓatawa, kuma malamin kirki ba zai ƙi yin tofinsa a tafin hannu ko a goshi ba idan an yi masa bayani.

Akwai kuma wani kuskure da ake kwafowa daga littattafan Turai: a ce wa mai jinya ta lura ko wurin “ya yi ja”. A fata baƙa ja ba ya fitowa yadda yake a hoton littafi. Abin da za a gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi idan an kwatanta da ɗaya ɓangaren, zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko wari, ko mugunya, ko zazzaɓi. Zazzaɓin nan ma yana da tarko, domin a damina kowane zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka, sai a ɓata kwana uku ana shan maganin da bai shafi cutar ba. Kumburi mai laushi da ke motsi kamar ruwa a leda, bayan an cire roba, sau da yawa taruwar ruwa ce kawai, wadda jiki kan shanye ko likita ya zuƙe. Amma kumburin da ya taso farat ɗaya, mai tauri da zafi, yana iya zama jini, kuma ba ya jiran ranar asibiti.

Wa zai koya wa mai jinya duk wannan? A Kankiya akwai babban asibiti, akwai kuma makarantar koyon aikin lafiya da ta daɗe tana yaye jami'an lafiya na al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin mazaɓu 361 na jihar. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da ɗakin tiyata. Kafin a sallami mace, a zaunar da wadda za ta yi jinyarta ta canza bandeji sau ɗaya a gaban ma'aikaciya. A ba ta takarda da Hausa, boko da ajami, mai hotuna, da lambar wayar da ake ɗagawa. A sa auduga da filasta da safar hannu na mako biyu cikin kuɗin aikin tun farko, ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KATCHMA, ta ɗauka, domin iyalin da suka sayar da tunkiya da buhun gero suka biya tiyata ba su da saura. Su ne za a tarar suna wanke bandeji suna shanyawa a kan igiya. Sannan asibitin da ya yi aikin ya sanar da asibitin mazaɓar majinyaciyar cewa tana tafe.

Likitocin tiyata suna da hujjar ɗari-ɗari da wannan shawara. Sun sha ganin ciwon da aka lalata a ƙaramin asibiti: an tsiyaya masa sifirit ya kashe sabon nama, an buɗe shi kullum da sunan wanki alhali bai buƙata, ko an soka allura a zuƙe ruwa da hannun da bai ƙware ba. Tsoronsu a kan hanya yake. Amma cewa “ta dawo nan duk bayan kwana uku” umarni ne da kuɗin mota ke sokewa tun a mako na farko, kuma idan ta daina zuwa ba wurin wani ƙwararre take komawa ba. Mafita ita ce a shata iyaka a rubuce: jami'ar lafiya ta duba, ta canza bandeji, ta ɗau hoto da izinin majinyaciya ta aika wa likita, zuƙe ruwa da buɗe ɗinki kuwa sai a babban asibiti. Kuma lalle a samu mace a wannan aiki, domin matar da ta shekara tana ɓoye ƙullutu saboda kunya ba za ta buɗe ƙirji ga saurayin da ta san ranar sunansa ba.

Abin da ke cikin lamarin ya wuce mace ɗaya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna cewa fiye da mata 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya a wannan shekara, fiye da 16,000 kuma suka rasu, kuma babban dalili shi ne zuwa asibiti a makare. A Arewa wannan jinkiri yana da wata jijiya sananniya: imanin cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Matan ƙauye ba su karanta mujallar likitoci, amma suna zuwa dubiya. Abin da suka gani a ƙirjin maƙwabciyarsu, da warin da suka shaƙa ko ba su shaƙa ba a ɗakinta, shi za su tuna ranar da ɗaya daga cikinsu ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin yatsunta tana wanka.