RA'AYINMU: In Ɗan Sanda Ya Kama Ka Ba Da Laifi Ba

A ƙarshen watan Agusta na 2019 jami'an tsaro na Jihar Legas suka tare wata babbar mota da ta taso daga Jihar Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48. Aka kwashe mutanen duka aka tsare. Da aka bincike su ba a sami kome ba, aka sallame su. Waɗannan sun taki sa'a, domin suna da yawa, jaridu kuwa sun yi ta yayata maganarsu. Wanda muke jin tsoro dominsa shi ne mai gadi guda a Fatakwal, ko ɗan garuwa a Sabo ta Badun, ko mai yankan farce a Anacha, wanda za a yi awon gaba da shi da tsakar dare, a kwana bakwai ba wanda ya san inda yake.

Abu na fari, kada ka gudu, kada ka yi kokawa. Mun san wannan magana da ɗaci ga mutumin da ya san hannunsa tsarkakakke ne. Amma wanda ya fizge hannu ko ya cakumi rigar ɗan sanda ya ba shi abin da da ba shi da shi, watau laifi na gaske wanda za a iya karantawa gaban majistare. Wanda ya sheƙa a guje kuwa ya ba mai bindiga hujja. Faɗan da ya fi ƙarfinka, sai ka mai da shi wasa. Ka tambaya cikin ladabi me ka yi, kuma wane caji ofis za a kai ka. Ka ɗaga murya yadda na kusa za su ji amsar, in da hali wani ɗan'uwa ya bi sawu. Ka riƙe sunan da ke ƙirjin rigarsa da lambar motar.

Sa'an nan ka san cewa doka ba ta bar ka hannu rabbana ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya je ya zauna ko'ina cikin ƙasar nan. Laifin nan da ake kira yawon banza, wanda aka daɗe ana kwasar talakawa da shi, an soke shi tun 1989. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Ya ce cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai fa in ana tuhumarsa da laifin da hukuncinsa kisa ne. To, wane lungu ne a Ikko ko Inugu da ya yi nisan kilomita 40 da kotu?

Inda aka fi cutar mutanenmu shi ne wajen takarda. Mutum ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci ko Ibo, sai guntun buroka na ciniki. Kurtu ya zauna ya rubuta abin da ya ga dama, ya miƙo ya ce dangwala nan ka tafi gida. Don ɗokin gida sai ya dangwala. Bayan wata shida yana gidan waƙafi sa'an nan zai ji cewa wai da bakinsa ya amsa fashi. Jama'a, yatsan nan naku shi ne wuyanku. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka ba. Dokar Shari'ar Masu Laifi ta 2015 ta ce wanda ba ya jin Turanci a samo masa tafinta, a rubuta, a karanta masa har ya gamsu, tafintan kuma shi ma ya sa hannu. Ka faɗi sunanka da inda kake kwana da sana'arka, sauran ka ce sai mutuminka ya zo. In an doke ka don ka amsa, ka faɗa wa alƙali ranar farko da ka tsaya gabansa, ka nuna tabon tun bai warke ba. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata haka.

Akwai kamu iri biyu da suka zama ruwan dare a zangonninmu, dukansu kuwa haramtattu ne. Ɗaya, a zo neman mutum a rasa shi, a tafi da ƙanensa ko matarsa ko wanda suke ɗaki ɗaya. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama wani a madadin wani. Na biyu, bashi. Dillalin shanu ko mai kawo albasa ya sami saɓani da abokin ciniki, sai wancan ya ɗauko masa 'yan sanda. Wannan doka ta ce ba a kama mutum don rigimar ciniki ko saɓa alkawari kurum. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Mu ma kanmu sai mu daina kai juna can a kan irin wannan.

Yanzu sai maganar da wasu ba za su so ji ba. Beli kyauta ne, a jikin bangon caji ofis da yawa ma an rubuta haka. Amma me muka saba? Da an kama namu, sai a bi rumfa rumfa a tara kuɗi, wani mai shiga tsakani ya kai, ya ɓalli rabonsa a hanya. Mun yarda da tausayi ake yi, kuma ba mu zargin uban da ya sayar da babur don ya fid da ɗansa. Sai dai duk ran da aka biya, an koya wa ɓata-garin cikin 'yan sanda cewa Bahaushe kasuwa ne, mako mai zuwa za su dawo. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan acaɓa suna karɓar kuɗin ƙungiya a kai a kai. Me zai hana kowace kasuwa, daga Mile 12 har Shagamu, ta ɗauki lauya guda wanda kowa ke riƙe da lambarsa? Kuɗin belin mutum goma ya isa.

Wanda ba shi da ko anini ma yana da wurin zuwa. Hukumar Ba Da Taimakon Lauya Kyauta, wadda aka kafa a 1976, domin irinsa aka yi ta. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma sashen karɓar koke na rundunar 'yan sanda kanta. Bisa ƙa'idojin 2009, ɗan'uwa ko aboki na iya shigar da ƙara a Babbar Kotu a madadin wanda ke tsare. In kotu ta tabbatar kamun ba bisa doka ba ne, Tsarin Mulki ya ce a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Ba mu ce duk wanda aka kama mai gaskiya ne ba, ba mu kuma neman a ɓoye ɓarawo don yana jin Hausa. Wanda ya yi laifi a kai shi kotu da tafinta, a yi masa shari'a kamar kowa.

Muna kira ga wakilan jam'iyyarmu a majalisu da su matsa a kan abu guda. Dokar 2015 ta ɗora wa manyan majistarori su riƙa zagaya caji ofis kowane wata su duba waɗanda ke tsare. A tambayi kowace jiha ta Kudu ko ana wannan zagaye, kuma in ana yi, ko akwai mai jin Hausa cikin tawagar. Kafin nan, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi wannan shafi, kowa kuma ya haddace lambar wayar mutum biyu a ka, domin waya ce abin da ake fara karɓewa a kanta.