Kujerar mota ma kayan ceton rai ce: a duba abin da ake zaunar da fasinjojin Gaya da Ajingi a kai

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Ajingi zuwa Gaya, ko daga Gaya a bi ta Wudil zuwa birnin Kano, ya san yadda ake lodi: biyu a gaba, huɗu a baya, a motar da aka ƙera don mutum biyar har da direba. A manyan bas kuwa, sau da yawa kujerun da motar ta zo da su an daɗe da cire su, an sa benci na ƙarfe da mai walda ya haɗa, aka shimfiɗa masa soso aka rufe da leda, aka matse layukan domin a samu gurbin ƙarin layi ɗaya. Ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, abin ya fi ƙamari.

Idan aka yi haɗari, akan ɗora laifin a kan gudu, ko fashewar taya, ko lalacewar hanya. Duk gaskiya ne. Amma waɗannan su ne ke jawo haɗarin. Abin da ke raba wanda zai fito da ƙafarsa da wanda za a kwasa zuwa babban asibitin Gaya, ko asibitin ƙashi na Dala, galibi shi ne abin da yake zaune a kai. Wannan ɓangare ne da hukumomi da ƙungiyoyin direbobi suka kawar wa kai.

Masu ƙera motoci sun kwashe fiye da shekara 60 suna aiki a kan kujera. A 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya fito da bel mai kama ƙugu da ƙirji lokaci guda, kuma kamfanin ya bar wa sauran kamfanoni fasahar kyauta saboda yawan rayukan da za ta ceta. A 1969 Amurka ta wajabta sa majinginin kai a kujerun gaba na sababbin motoci, domin idan aka bugi mota ta baya, kan mutum yana fizguwa ne, wuya ya ji rauni. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Saab da Volvo suka ƙara gaba, suka ƙera kujerun da ke motsawa da kansu su tallabi kai da baya a daidai lokacin bugu. A 1997 aka fara sa ƙugiyoyin ISOFIX, masu maƙala kujerar jariri kai tsaye a jikin mota, kuma a Volkswagen Golf aka fara, sunan da kowane ɗan kamasho a Kano ya sani. Hatta ƙarfen da ke ƙarƙashin soson an ɗan ɗaga bakinsa da gangan, don kada mutum ya sulale ta ƙasan bel.

Dalilin duk wannan wahala lissafi ne mai sauƙi. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, idan ta daki abu ta tsaya cak, jikin da ke cikinta yana ci gaba da tafiya da ƙarfin da ya yi daidai da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Babu hannun da zai iya riƙe kansa a irin wannan hali, balle uwa ta riƙe jaririn da ke kan cinyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai rabi. Sai dai bel ɗin ba ya aiki shi kaɗai. Dole kujerar ta tsaya daram a wurinta, shi kuma a ɗaure shi a wuraren da kamfani ya ƙarfafa musamman a jikin motar.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon ilimi ba. Duk mahayin doki ya san komai kyan sirdi, komai adon da baduku ya yi masa, idan majayi ya yi sako-sako, da sirdin da mahayin ƙasa za su yi. Bencin da aka ɗaure da noti huɗu a kan faranti mai tsatsa sirdi ne marar majayi. Da an yi karo sai ya tumɓuke, ya kwashi mutanen da ke kansa ya haɗa su da na gabansu, kuma ƙarfen da ba a goge bakinsa ba ya zama wuƙa. Irin wannan benci ba shi da bel, ba shi da majinginin kai, kuma matsatsin da ke tsakanin layuka yana sa gwiwa ta riga komai shan duka. Wasu daga cikin bas ɗin ma tun asali motocin ɗaukar kaya ne aka shigo da su, aka yanka musu tagogi aka jera kujeru, a kan daɓen da ba a yi shi don riƙe mutane ba.

Haka abin yake a kan babur. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, A Daidaita Sahu ya karɓe titunan birni, amma a ƙauyukan Gaya da Ajingi har yanzu babur ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa. Akan tsawaita kujerarsa har ta hau kan kariya don ta ɗauki mutum uku ko huɗu. Idan nauyi ya koma bayan tayar baya, tayar gaba takan yi shafal, kan babur ya riƙa rawa, musamman a cikin yashi.

Adalci ne a faɗi cewa direba ba don mugunta yake ƙara layi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai da na kayan gyara da balas ɗin mai mota sun sha masa kai, fasinja kuma ba ya iya biyan kuɗin kujera biyu. Su ma masu walda da masu ɗinkin kushin ba abokan gaba ba ne. Mutane ne masu basira, waɗanda da ƙarfen Ƙofar Ruwa da guntun soso suke raya motar da a wata ƙasa da tuni an kai ta bola. Abin da aka nema a wurinsu shi ne kujera mai araha, mai laushi, mai ɗaukar mutane da yawa, kuma shi suka bayar. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu abin da ke faruwa da aikinsu a cikin daƙiƙa ɗaya ta karo.

Saboda haka kame da tara kaɗai ba za su magance matsalar ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, amma a aikace abin ya tsaya a kan direba, wanda yakan rataya shi idan ya hango shinge ya sauke idan ya wuce. Fasinjan da ke kan benci ba shi ma da abin da zai rataya.

Gyaran ya kamata ya fara daga inda ake ƙera kujerar. Hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, tare da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, su fitar da ƙa'ida mai sauƙi, da Hausa, da hotuna: kaurin ƙarfen da za a yi amfani da shi, irin notin da ya dace, faifan ƙarfen da za a sa ta ƙarƙashin mota don ya riƙe notin, mafi ƙarancin tazara tsakanin layuka, tsayin majingina, da inda za a ɗaure bel. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, maƙwabciyar Gaya. Ba abin da zai hana ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su ɗauki nauyin masu walda da masu kushin na yankinsu su je kwas na 'yan kwanaki, su dawo da takardar shaida. Wanda ya samu shaidar, kasuwarsa ce za ta buɗe.

Daga nan sai tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi sun san kowace mota da ke layinsu, kuma da su ake yin lodi. Idan suka ce motar da bencinta ke girgiza ba za ta shiga layi ba, an gama. Jami'an duba lafiyar ababen hawa da KAROTA da FRSC su ma su riƙa leƙa ƙasan kujera kamar yadda suke duba takardu da taya, bayan an ba direbobi wa'adin da za su iya gyarawa ba tare da sun ci bashi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Fasinja ma yana da nasa. Wanda ya samu kujera mai bel ya ɗaura. Kada a zaunar da mai goyo ko ƙaramin yaro a gaba. Wanda ya ga majinginin kai an cire an jefa a but, ya nemi a mayar. Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma addini bai hana ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba. 'Yan kasuwa da ɗalibai da marasa lafiya da ke bin hanyar Gaya kullum sun biya kuɗin mota, kuma haƙƙinsu ne a zaunar da su a kan kujerar da za ta riƙe su ranar da aka fi bukatar ta.