Kyamarar miliyan, muryar cikin rijiya: maganar sauti a finafinanmu

Yau ba maganar jarumi ko jaruma zan yi ba, maganar kunne ce.

Ku gwada wani abu da daddare. Ku buɗe shiri mai dogon zango guda biyar a YouTube, na manya da na masu tasowa, ku kife wayar ku saurara kawai. Wallahi cikin minti biyu za ku ware na ƙwararru da na 'yan koyo. Hoto yanzu kusan kowa ya iya, don ko waya mai kyau tana fitar da abin kallo. Amma murya? Nan ne asirin kowa ke tonuwa. Jaruma na kuka ana jin janareta, uba na yi wa ɗansa faɗa amma kamar daga cikin rijiya yake magana.

Da can lokacin kaset da faifan CD, ana haƙuri. Tun daga Turmin Danya na 1990 mutane sun saba a taru gaban talabijin, in ba a ji ba a ƙara murya. Yanzu kasuwar ta koma waya. Izzar So da Labarina sun nuna wa kowa cewa a YouTube ake neman 'yan kallo, kuma mai kallo a waya ko dai iyafis ne a kunnensa ko 'yar sifikar wayar. In bai ji ba, ba zai yi ta fama ba, gaba zai wuce. Ni a ganina har karɓuwar fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita akwai hannun sauti a ciki: a situdiyo ake ɗaukar muryar, kowace kalma tana fita tas, ko kana kan babur kana ji.

Ni ma sai da na ƙone kafin na gane. Hunturun bara muka haɗa wani ɗan barkwanci da abokaina a bayan gari nan Gwangwan. Kwana biyu muna fama, hoto ya yi kyau, mun dawo muna murna. Da na zauna tacewa, ba abin da ake ji sai fuu fuu na iska. Na je Kano na sayo 'yar makirfon nan marar waya da ake maƙalawa a riga, irin ta 'yan TikTok, mai shagon har da rantsuwa. Sati uku ta yi ta mutu.

Ba wai duk marasa wayar ne banza ba. Rode da DJI da Hollyland suna yin masu kyau, kuma su ne kuke gani a wuyan masu hira da jarumai. Matsalar su ne na arahan da suka cika kasuwa. Yawancinsu suna da abin rage hayaniya a ciki, shi ne yake matse murya ta koma kamar mutum na magana cikin bokiti. Mafi muni, in kiɗa kake ɗauka, sai ta ɗauki gangar a matsayin hayaniya ta dinga cinye ta.

Shi ya sa na koma wa ƙaramar rikoda ta hannu. Guda uku aka fi ambata a wajen masu ƙaramin ƙarfi. Akwai Zoom H1n da ta fito a 2018, tana cin ƙananan batir biyu irin na rimot, tana naɗa a kan memori. Akwai Tascam DR-05X, ita batirinta ya fi kauri, irin na agogon bango, kuma kunnuwanta suna kwaso sauti ta ko'ina, don haka ta fi dacewa da ɗaukar taro ko kasuwa fiye da hirar mutum biyu. Sai Zoom H1essential da ta fito a 2024 a kan kusan dala 100. Dukkansu suna da ramin da za ka jona 'yar makirfon riga mai waya, irin Boya BY-M1, ka jefa rikodar a aljihun jarumi, ya yi ta yawonsa. Ba ruwanka da sigina, ba ruwanka da caji, wanda mu nan ƙauye mun san darajar hakan. Wuta sai ta ga dama, amma batir ko a tebur za ka samu.

Ita H1essential abin da ya sa ake ta surutu a kanta shi ne tsarin da ake kira 32-bit. A tsofaffin rikodoji, dole ka saita ƙarfin ɗauka da kanka. In ka ɗaga da yawa aka yi ihu, sautin ya fashe, ba gyara. In ka rage da yawa, raɗa ta ɓace. A wannan sabon tsarin ba ka saita komai, sai ka dawo kwamfuta ka ɗaga ko ka sauke. Ku yi tunanin hawan sallah a Karaye: kakaki da tambari na tashi, can kuma ga wani dattijo na gaisuwa a hankali. Nan take da amfani. Amma kar a ruɗe ku, ba ta hana iska, ba ta kashe janaretan maƙwabta. Hular gashin nan da ake sa wa kan rikoda dole ce a hunturu, kuma dole ka matso kusa da bakin mai magana. Kafin a fara kowane ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita hoto da murya ko a CapCut ne.

To sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙa. Kafin watan Yunin 2023, dala a kasuwar bayan fage tana wajen naira 750. Bayan da Babban Banki ya saki naira, a 2024 ta haura 1,500. Ke nan kayan dala 100 da za ka samu a dubu saba'in da 'yan kai a 2024 ya koma sama da dubu ɗari da hamsin, ban da kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, zuwa lokeshan kansa ya zama aiki. Furodusa in ya zo rage kasafi, mai sauti ake fara yankewa, don shi ba a ganin aikinsa a fosta. Ni kuwa nan nake ganin kuskuren. Hayar kyamara mai tsada ta kwana kaɗan za ta iya sayen rikodar da za ta yi maka shekaru. Mu huɗu muka yi karo-karo muka sayi ta hannu, muna karɓa-karɓa.

Kuma amfaninta ya wuce fim. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, muna jin su yau ne saboda gidajen rediyo da masu kaset sun naɗa. Makaɗan ƙauyukanmu fa, masu gangar noma da mata masu kiɗan ƙwarya, wa ke naɗar su? Kwanaki na je wajen wani tsohon makaɗi a nan yankinmu, na ce, "Baba, so nake in ɗauki kiɗanka." Ya kalli abin a hannuna ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wannan 'yar abar ce za ta ɗauke gangata?" Da muka gama na sa masa iyafis. Ya yi shiru har waƙar ta ƙare, sannan ya ce in mayar masa daga farko. 'Ya'yansa duk ba wanda ya gaje shi, biyu suna acaɓa a Abuja. Mun yi da shi zan koma bayan girbi, ya ce akwai kiɗan da sai da 'yan amshi yake fita, zai nemo waɗanda suka rage.