Kwana Goma da 'Ya'yan Mutane: Abin da Sansanin Hutu Ya Koya Mini

Dogon hutu ya matso, na san kuma wasunku sun fara tunanin inda za su kai yara don kada su wuni a kan waya ko a kwararo. Shi ya sa yau zan ba ki labarin watan Agustan bara, lokacin da na ɗauki hutu daga asibiti na zama nas ɗin wani sansanin yara mata da wata ƙungiya ta shirya a wata makarantar kwana a nan Daura.

Yara 64 aka damƙa mana, daga shekara 8 zuwa 13. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu daga Sandamu, Zango, Mai'aduwa har da Baure. Da safe karatun Alƙur'ani da lissafi, da rana saƙa da girki, da yamma kuma wasan gaɗa. Ni aka ba ni ɗan ɗaki da gado biyu da akwatin magani, yara suka raɗa mini suna Anti Nas.

Daren farko ban runtsa ba. Ciwon ciki ya kama kusan yara goma a lokaci ɗaya, na auna su babu zazzaɓi, babu gudawa. Wata dattijuwa da ke yi mana girki, wadda kowa ke kira Inna, ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ajiye maganinki, kewar uwa ce." Ta shimfiɗa tabarma, ta tara su ta fara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Kafin ta kai ƙurungus rabinsu sun yi barci.

A kwana na biyar muka kai su rijiyar Kusugu. Za ki yi mamaki, 'yar'uwa, yara da yawa an haife su a Daura amma ba su taɓa leƙa ta ba. Mai kula da wurin ya ba su labarin maciji mai suna Sarki da yake hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da yadda baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya je da dare ya sare kan macijin, har ya auri Sarauniya Daurama. Wata 'yar ƙarama ta riƙe gefen hijabina gam, ta ce, "Anti Nas, macijin bai bar 'ya'ya a ciki ba?" Muna hanyar komawa hadari ya haɗo, ruwa ya yi mana dūkan tsiya. Yara suna ta tsalle da shewa, ni ma ina dariya.

Wajen ƙarfe biyun dare aka buga mini ƙofa. Wata yarinya 'yar shekara 9 tana murƙususu, tana riƙe da ƙafafu da baya, jikinta zafi rau. Na haska idonta, na ga ya yi ɗorawa. Gabana ya faɗi. Na ɗauko takardar da mahaifiyarta ta cika. Wurin da aka tambaya ko yarinya tana da wata lalura, an rubuta "babu". Na durƙusa na ce, "Ki faɗa mini gaskiya, kin taɓa irin wannan ciwon?" Cikin kuka ta ce, "Sikila ce da ni. Mama ta ce kada in faɗa, za a kore ni."

Na lulluɓe ta, na ba ta maganin rage zafi da ruwa mai ɗumi, muka nemi mota cikin taɓo muka garzaya asibiti. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, Allah Ya taimaka aka shawo kan abin. Da asuba mahaifiyar ta iso ko takalmi ba ta sa daidai ba. Na shirya faɗa a bakina, amma da na kalli fuskarta sai na kasa. Ta ce, "Anti, duk inda yara suke zuwa ita a gida ake barin ta. Na so ne sau ɗaya ta ji ita ma kamar kowa ce. Kuma kin san bakin mutane, gobe idan ta isa aure sai a tuna."

Na fahimce ta, amma ga abin da na faɗa mata, ke ma ina faɗa miki. Da na sani, da yarinyar nan ta je Kusugu tare da kowa, sai dai da rigar sanyi da gorar ruwa a hannunta, kuma ruwan sama ba zai taɓa ta ba. Sanyi, ƙishirwa, gajiya da zazzaɓi su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Zazzaɓi a jikin mai sikila abin gaggawa ne, ba a jiran gari ya waye. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, don haka babu nas ɗin da za ta ji kalmar ta firgita. Haka asma, haka farfaɗiya, haka abincin da jikin yaro ba ya karɓa. Rufin asirin da ya hana mai kula da ɗanki sanin lalurarsa yana iya cin ransa.

Akwai kuma wata 'yar shekara 12 da ta kulle kanta a banɗaki tun safe ta ƙi fitowa. Al'ada ce ta zo mata karon farko, ita kuwa ta ɗauka wani mugun ciwo ne. Babu wanda ya taɓa yi mata bayani. Na zauna a bakin ƙofa na fi rabin awa ina lallashi kafin ta buɗe. Na nuna mata yadda ake sa audugar mata, malamar addini ta yi mata bayanin wanka da sallah. Uwargida, kada kunya ta sa ki bar wannan magana ga baƙuwa. Idan 'yarki ta kai shekara 10, ki zaunar da ita.

To, idan za ki tura naki bana, ki je da ƙafarki ki ga wurin. Ki tambaya wa zai kwana da yaran, daga ina ake ɗibo ruwan sha, akwai ma'aikacin lafiya da motar da za ta ɗauki yaro da dare. Ki sa masa gidan sauro da rigar sanyi, domin Agusta tsakiyar damina ce. Ki rubuta sunan duk maganin da yake sha da lokacinsa, ki miƙa hannu da hannu. Idan yana fitsarin kwance ki raɗa wa nas a kunne, mun san yadda za mu tashe shi da dare mu sauya shimfiɗa ba tare da kowa ya sani ba. Ki bar lambobin waya biyu da ake samu ko da tsakar dare.

Ranar rufe sansani yarinyar nan mai sikila ta dawo daga asibiti tare da mahaifiyarta. Ba ta da ƙarfin yin gaɗa, sai ƙawayenta suka ɗora ta kan kujera a tsakiyar fili, ita ke bayar da waƙa su suna amshi. Uwar tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Bana ma ta kira ni, ta ce in ajiye wa 'yarta gurbi, ta kuma karanto mini sunayen magungunanta ɗaya bayan ɗaya.

Ke fa, kin taɓa barin ɗanki ya kwana nesa da ke? Ki ba mu labari a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Allah Ya raya mana su, Ya tsare su duk inda suke. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.