Zuciya Ta Lafa, Tsoro Bai Tafi Ba

Duk mai tatsar saniya ya san cewa idan ta razana takan riƙe nononta, ko da hantsarta ta cika fal. Ilimin zamani ya ba wa ɗaya daga cikin masu haddasa wannan suna: adiranalin, sinadarin da wata ƴar halitta da ke zaune a saman kowace ƙoda take zubawa cikin jini da zarar dabba ta ji haɗari. Cikin daƙiƙoƙi zuciya za ta ƙara gudu, hanyoyin iska su buɗe, hanta ta saki sukari, hanji ya dakata da aiki. Shiri ne na gudu ko faɗa.

A 1948 wani masani a Amurka, Raymond Ahlquist, ya nuna cewa wannan saƙo yana shiga gaɓoɓi ta ƙofofi iri biyu, waɗanda ya kira alfa da beta. Daga nan tunani ya zo: in akwai ƙofa, ana iya rufe ta. James Black ya samar da furofiranolol a shekarun 1960, maganin da ke toshe ƙofar beta, aikin da yana cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1988. Yau miliyoyin masu hawan jini da ciwon zuciya suna shan ire-irensa, likitocin dabbobi ma sun karɓe su. Abin da ya kamata a riƙe game da su shi ne ƙofa suke rufewa, ɗan saƙon kuwa yana nan a waje yana ƙwanƙwasawa, wanda ya aiko shi kuma bai huce ba.

Ƙofofin nan ba a zuciya kaɗai suke ba, shi ya sa tasirin maganin yake bazuwa. A ƙoda, toshe beta yana rage fitar sinadarin renin, wanda ke da hannu wajen riƙe gishiri da ɗaga ƙarfin jini. A ƙwaƙwalwa yana rage melatonin da ake saki da dare, sinadarin da tumakin ƙasashen sanyi suke gane tsawon dare da shi, su san lokacin barbara. Yana rage fitar sukari da kitse daga ma'ajiyarsu, yana kuma ɓoye bugun zuciyar da kan nuna sukari ya faɗi. A huhu yana iya matse hanyar iska, don haka kyanwa mai asma ba a ba ta furofiranolol. A mahaifa kuwa, adiranalin ne ke sassauta tsoka ta ƙofar beta, saboda haka rufe ƙofar kan bar naƙuda ta ci gaba. Wannan ne dalilin da ya sa a Turai aka yi amfani da wani magani mai suna karazolol wajen sauƙaƙa wa saniya haihuwa da fitar mabiyiya. Masu toshe alfa ma suna da nasu aikin. Idan likita ya kwantar da sa da allurar zailazin, sukarin jininsa kan hau domin insulin ya ragu, tumbinsa ya yi sanyi har ya iya kumbura. Maganin da ke toshe wannan ƙofa, irin su yohimbin da atifamezol, yakan tashe shi, ya maido da motsin cikinsa.

Babu abin zargi a duk waɗannan. Cuta ce sananniya, magani ne a hannun gwani, an auna nauyi an auna ƙima. Inda maganar ta karkace shi ne lokacin da aka ɗauki allurar aka kai ta bakin motar ɗaukar dabbobi.

Labarin aladun Turai ne ya fi bayyana wannan. Masu kiwo sun daɗe suna zaɓen aladu masu tsoka da ƙarancin kitse, irin su Fiyetiren na ƙasar Beljiyam, ba tare da sanin cewa suna zaɓen wani lahani tare da su ba. Irin waɗannan aladu, in aka cusa su a mota, jikinsu kan yi zafi, tsoka ta sandare, wasu su mutu kafin a isa mayanka, waɗanda suka isa kuma namansu ya fito fari, mai laushi, yana tsatsar ruwa. Sai aka riƙa yi musu allurar karazolol kafin tafiya. Zuciya ta daina tsere, kuma ga mai kaya wannan ya isa. Amma tsoro yana da hanya ta biyu da ba ta bi ta waɗannan ƙofofi: daga ƙwaƙwalwa ake ba da umarni a saki kotizol, sinadarin wahala mai daɗewa, wanda ke raunana garkuwar jiki. Allurar ba ta tare wannan hanya, ba ta rage cunkoso, ba ta shayar da mai ƙishi. Kuma tana barin saura. Hukumar Codex ta ƙayyade maikurogiram 5 a kowane kilo na tsokar alade, 25 a hanta da ƙoda, ta kuma yi kashedin cewa naman wurin da aka soka allurar, in an yanka dabbar bayan sa'o'i biyu, yana iya wuce abin da ya dace mutum ya ci. Mai asma da ya ci wannan tsoka bai san maganin toshe beta ya haɗiya ba. Mafitar gaskiya ta zo ne a 1991, da aka gano ƙwayar gadon da ke jawo lahanin, aka soma gwada iyaye ana tace su daga garke.

A shanu darasin ya ma fi fitowa fili. San da ya sha wahala kafin yanka yakan ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarsa, naman ya fito baƙi-baƙi, busasshe, mai saurin lalacewa. Masana a ƙasar Ireland, a farkon shekarun 1980, sun ba bijimai furofiranolol sannan suka haɗa su da baƙin bijimai. Sukarin tsokar ya ƙone duk da haka, domin karo da hawan juna ne suka cinye shi. Ita ma saniyar da aka kai baƙon wuri, ƙwaƙwalwarta ce kan hana sakin oksitosin, sinadarin da ke sauko da nono, kuma toshe ƙofofin adiranalin ba ya warware wannan.

Ana iya cewa raguwar mutuwa a hanya ai alheri ne, ko ta wace hanya aka same shi. Haka ne, ga tafiya ɗaya. Amma haki da rawar jiki da bugun zuciya su ne harshen da dabba take kai ƙara da shi, kuma maganin da ya rufe bakinta ya ɗauke wa mai kaya dalilin gyara motarsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta nufi tushen abin: babban sa zai yi tafiyar sa'o'i 14, a tsaya aƙalla sa'a guda a ba shi ruwa, a ƙara 14, sannan dole a sauke shi ya huta yini da kwana. Ta kuma hana ba dabba maganin kwantarwa a hanya sai da larura, ƙarƙashin kulawar likita.

Tirelar da ke tashi daga kasuwar shanu ta Potiskum zuwa Legas tana cin fiye da kilomita dubu, cikin rana, shanu a matse ƙaho na gugar ƙaho. Mahaucin da ya yanka ya ga nama ya yi duhu, ya ga bai kai yamma ba ya soma wari, asarar da aka yi tun a kan hanya ce ta iso teburinsa. Abin da zai rage ta shi ne kwamin ruwa a zangon tsakiya, da rage kawuna biyu ko uku a kowace mota, da kwana ɗaya na hutu da ciyawa kafin a kai su wuƙa.